Ku Daina Sayar Mana Da Hawayen Mata Da Sunan Jarumta

Na gaji da macen da fina-finanmu ke kira jaruma, alhali aikinta daga farkon shiri zuwa ƙarshe haɗiye baƙin ciki ne kawai. Miji ya daina cefane, ta yi shiru. Ya mare ta gaban 'ya'yanta, ta yi shiru. Ta yi yaji, uwa ta tarbe ta da "ki yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne," a kaɗa ta ta koma. Sai a saki kiɗan tausayi, kyamara ta matso kan hawayenta, a ce mana ga mace ta gari. Yarinyar da ke kallo a wayar yayarta me ta koya? Ta koyi cewa darajarta tana cikin yawan dukan da za ta iya jurewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, an riga an nuna mana hanya. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana ƙaramar yarinya, ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, daga baya aka mai da shi fim. A cikin labarin, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'ya tara saboda ya auro Delu. Rabi ta ɗora tukunya, ta sayar da abinci, ta riƙe gidanta da guminta. Da kasuwa ta juya wa Alhaji baya, dangi suka taru suka matsa mata ta karɓe shi. Balaraba ƙarar al'umma ta shigar a wannan wuri, kowa ya karanta zai ji ɗacin. Masu shirya fim na yau sun kwashi hawayen, sun watsar da ƙarar.

Kuma kada wani ya fake da addini. Ciyarwa, tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji. Shari'a ta ba mace damar kai ƙara gaban alƙali idan an cutar da ita, ta ba ta khul'i. Sau nawa kuka ga mace a fim ta nemi wannan haƙƙi, ta samu, kuma labarin bai mai da ita fitinanniya ba?

Mata masu ƙarfin hali ba mu rasa su ba. Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Gambo Sawaba ta sha duka da kurkuku a zamanin NEPU saboda ta ce a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a. Ina fim ɗinsu? Labarin Sarauniya Amina ma wasu ne suka fitar da fim ɗinsa a 2021, da Turanci.

Marubutan Kannywood, ku ba mu macen da za ta ce "a'a," ta tafi kotu, ta yi nasara, kuma ta kai ƙarshen shirin ba tare da kun sa ta durƙusa tana neman gafarar wanda ya zalunce ta ba.