Safar Ulu Ba Huffi Ba Ce

Da sunan Allah. Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ɗari ya kama, safar ulu kuwa ta cika kasuwar Dambatta. Matan ƙauyuka ke saƙa ta cikin ɗakunansu, suna duban ta gwaji suna kwaikwayo, har diddige ya fita daidai. Sana'a ce ta halal, tana maganin faso, Allah ya sa albarka.

Amma mun ji waɗansu masu talla suna gaya wa jama'a wai ana shafa a kanta wajen alwala, ba sai an wanke ƙafa ba. A mazhabar Imamu Malik ba haka ba ne. Shehu Halilu ya bayyana cikin Muhtasar, ba a shafa sai a kan huffin fata, ko safar da aka ɗinka wa fata sama da ƙasa, ta rufe idon sawu, an kuma sa ta bayan cikakkiyar alwala. Hambalawa sun sauƙaƙa ga mai kauri, mun sani, amma mai talla ba Hambali ya karanta ba, ciniki yake nema.

Mai son shafa ya kai wa baduku. Wanda bai iya ba, ya tuɓe, ya ɗumama ruwa. Limamai su faɗakar ran Juma'a.