Canki-Canka Ba Ta Haifar Marubuci

A unguwar Malali ta birnin Kaduna akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1973. Iyaye da yawa a unguwar ba su da burin da ya wuce 'ya'yansu su shige ta. Ƙofar shiga kuwa ita ce jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa 'yan aji shida, kuma tambayoyinta na canki-canka ne: yaro ya duba amsoshin da aka jera masa, ya zaɓi guda, ya shafe gurbinta da fensir. Ba a ce ya gina sakin layi ko ɗaya ba.

To, a nan take, wai an danne bodari ta ka. Malami ɗan Adam ne. Abin da za a jarraba shi yake koyarwa. Tun daga aji huɗu sai insha'i ya zama baƙo a jadawali, a maye gurbinsa da haddar tsofaffin tambayoyi. Sai ka tarar da yaro ya iya zaɓo kalmar da ta dace da gurbi, amma ya kasa rubuta wa kawunsa wasiƙa mai layi goma.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko, daga baya a koma Ingilishi. Ke nan a aji huɗu yaron kan ɗauki kaya biyu a kai: baƙon harshe da tsara tunani a takarda. Manufar ta kuma zo da auna ɗalibi a kai a kai, don kada makomarsa ta rataya ga jarrabawar yini guda. Amma sau da yawa awon ya koma ƙananan canki-canka, domin sun fi sauƙin dubawa ga malamin da ajinsa ya cika ya batse.

Inda ma aka ba da insha'in, yaya ake duba shi? Jan biro ne ke bin kuskuren harafi ɗaya bayan ɗaya, a zabga maki a ƙasa, shi ke nan. Ba a tambayar ko yaron ya faɗi wani abu, ko labarinsa na da kai da gindi. Abin da yake koya daga nan shi ne ya taƙaita, don kada ya yi kuskure.

Wani zai ce laifin malamai ne, ya tuna mana 2017, lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. Lalle wanda bai iya rubutu ba ba zai koyar da shi ba. Sai dai ko gwanin malami aka kawo, muddin jarrabawa ba ta neman rubutu, iyaye da kansu za su hana shi "ɓata lokaci".

Shawararmu uku ce. Na farko, kowane mako yaro ya rubuta abin da idonsa ya gani, kasuwa ko ruwan sama ko Hawan Sallah, da Hausa sa'an nan da Ingilishi. Na biyu, a raba maki kashi uku: ma'ana, tsari, da ƙa'idar rubutu, kuma a mayar wa yaro aikinsa ya gyara ya sake kawowa, domin a gyaran ne ake koyo. Na uku, a sa ɗan gajeren insha'i cikin jarrabawar shiga sakandare, ko da zai ci lokaci da kuɗi wajen dubawa.

Mu tuna, gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu malaman makaranta. An nemi rubutu, aka sami marubuta.

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, da kai sabon ma'aikaci da ke gumi a kan takardar ofis mai shafi guda: ba a fafe gora ranar tafiya. In ka koma gida hutu, ka miƙa wa ƙanenka takarda da biro, ka ce ya rubuta maka yadda yininsa ya kasance. Abin da za ka karanta shi ne sakamakon gaskiya.