Ina Aka Kai Mujallun Powerman?

Wanda duk ya yi makarantar boko a manyan garuruwan ƙasar nan wajen 1970 zuwa 1985, da wuya a ce bai taɓa ganin yaro ya ɓoye 'yar mujallar zane a cikin littafin lissafi ba, malam na ta bayani a gaban allo, shi kuwa hankalinsa na can wajen sadaukan da ke tashi sama suna rushe bene da naushi guda. Yaran wancan zamani yau su ne dattawa. Wasunsu sun aje aiki, sun kafa gida a unguwannin gefen Abuja irin su Kurudu da Jikwoyi da Karu. Abin da ya kamata a tambaye su shi ne, ina mujallun nan suka shiga?

Asalin irin waɗannan mujallu daga Amurka ne. Kamfanin DC ya fito da rundunar Justice League a 1960, sai kamfanin Marvel ya mayar da martani da Fantastic Four a 1961, kana Avengers da X-Men suka biyo baya a 1963. Abin da ya bambanta labarin runduna da na jarumi guda shi ne zaman tare. Kowane da irin baiwarsa, kowane kuma da irin halinsa, yau a yi faɗa gobe a shirya, wani ya yi fushi ya fita, wani baƙo ya shigo. Saboda haka labarin ba ya ƙarewa a fitowa ɗaya. Wanda ya sami ta 40 bai ga ta 39 ba, kamar wanda ya tarar da tatsuniya ne a tsakiya, bai san dalilin da Gizo ke gudu ba. Darajar abin tana ga jerin ne, a same shi a cike ba giɓi.

Stan Lee da Jack Kirby sun yi fitowa 102 ta Fantastic Four a jere, har zuwa 1970, kuma a ta 52 ne, cikin 1966, aka fara ganin Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta almara mai suna Wakanda. A 1975 aka sabunta rundunar X-Men da jarumai daga ƙasashe dabam-dabam, cikinsu har da Storm, baƙar mace mai sarrafa iska da ruwan sama, wadda labarin ya ce daga Kenya aka ɗauko ta. Daga wannan shekara Chris Claremont ya riƙe alƙalamin labarin bai saki ba sai 1991. Turawa sun adana waɗannan jeri kamar ƙwai a cokali. Fitowar farko ta Fantastic Four, wadda aka sayar a kan santi 10, an yi gwanjon wani kwafinta a 2024 a kan fiye da dala miliyan 2.

To, ba kuɗin ne abin damuwa a nan ba. Abin damuwa shi ne Nijeriya ma ta taɓa samun nata sadaukin a shekarar nan ta 1975, amma yau ko sunansa matasa ba su sani ba. Sunansa Powerman, baƙar fata ne, an ƙago shi ne musamman domin masu karatu na ƙasar nan, ana fitar da mujallarsa duk mako biyu, ta kuma yi kamar shekara 2 tana fitowa. An ba shi ƙarfin da babu makamin da ke kama shi, lagonsa guda ɗaya ne tak, wato saran maciji, wanda kuwa manomin ƙasar nan ba ya bukatar a yi masa bayanin haɗarinsa.

Wani abin mamaki, a Ingila aka riƙa rubuta labarin ana zana shi. Samari biyu ne suka riƙa karɓa-karɓa wajen zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland, a lokacin ba wanda ya san da su. Masu buga mujallar har lamba suka sa a liƙa wa kowane hoto, wai don kada ɗan Nijeriya ya rasa inda zai fara karantawa. Wannan raini ne, domin yaran da suka saba da African Film, mujallar hotunan nan ta kamfanin Drum mai ɗauke da labarin Lance Spearman, ba sa bukatar a kama musu hannu. Daga baya Gibbons shi ya zana Watchmen a 1986 da 1987, wanda ake lissafawa cikin manyan ayyukan wannan fanni, Bolland kuma ya zana The Killing Joke a 1988. Wato da kasuwar Nijeriya suka koyi hannu. A 1988 ɗin ne kamfanin Eclipse na Amurka ya sake buga wani sashe na labaran, ya sauya wa jarumin suna zuwa Powerbolt. Ke nan mai bincike ya fi saurin samun abin da aka yi domin yaran Kano da Ikko a wajen dillalan Amurka.

Yadda aka yi hasarar ba ɓoyayye ba ne. Takardar irin ta jarida ce mai araha, tana ja tana karyewa da kanta, ƙarfen da ya ɗinke ta yana tsatsa da damina, gara kuma ba ta san tarihi ba. Iyaye sun ɗauke su shiririta, abin da ya tsira daga wuta ya ƙare wajen mai ƙosai da mai tsire. Hukuma ma da nata kason laifin. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mai ɗab'i ya ajiye kwafi 3 na abin da ya buga, amma doka ba ta bin kanta, kuma ginin hedkwatar ɗakin karatun a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe fiye da shekara 15 ba a gama shi ba.

Yau matasan Ikko sun sake ɗaukar alƙalamin. Kamfanin Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, ya ƙago Guardian Prime da wasu sadaukai 'yan ƙasa, ana karanta su ta intanet. Sun cancanci a nuna musu abin da ya gabace su, mai kyau da marar kyau.

Saura dattijon da ke da tsohuwar adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardun makaranta. In ya buɗe ya tarar da ko fitowa 3 ce ta Powerman ko African Film, kada ya liƙe ta da salatif, kada ya shanya ta a rana. Ya shimfiɗa ta a kwance a wuri busasshe, ya sa jika ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, sa'an nan ya nemi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ya ji ko za su karɓa.