Tagwayen Faifai Ba Sa Hana Asara

A makon da ya wuce na leƙa wani shagon buga takardu a nan Bauchi, can wajen Yelwa, inda ɗalibai ke kai rubutun kammala karatunsu. Na tarar da mai shagon ya yi tagumi, ɗalibai uku na tsaye a kansa. Ashe yaronsa ne ya zo share tsofaffin fayiloli, sai ya haɗa da jakar da aka tara aikin wata biyu, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar. Abin da ya fi ƙona wa mai shagon rai shi ne, kuɗi ya kashe aka sa masa faifan ajiya biyu, aka ce masa ko ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Da aka duba na biyun, shi ma wayam.

To, ba a yi masa ƙarya ba, sai dai ba a gaya masa rabin maganar ba. Wannan tsari na tagwaita faifai, wanda masana ke kira RAID 1, aikinsa ɗaya ne: duk abin da kwamfuta ta rubuta a faifan farko, nan take za ta rubuta shi a na biyu. Idan faifai ɗaya ya lalace, aiki ba zai tsaya ba. Amma fa kwamfuta ba ta san kuskure ba, umurni kawai ta sani. In ka share, ta share a duka biyun. In ƙwayar cuta ta kulle fayil, kullallen za ta kwafa. Watau abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kada a ɗauka cewa mai ƙaramin shago kaɗai ke faɗawa wannan rami. A cikin watan Disamba na shekarar 2008, wani kamfanin intanet mai suna JournalSpace, wanda ya yi shekara shida yana ajiye rubuce-rubucen jama'a, ya rasa kome da kome, domin ba shi da wata ajiya sai tagwayen faifai. Aka rubuta wani abu a kan bayanan, a duka biyun. Sun kai faifan wurin ƙwararru na kamfanin DriveSavers, ba a tsira da kome ba. Haka kuma ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin GitLab ya share wajen gigabait 300 bisa kuskure. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan, aka ajiye shi daban, kuma aikin sa'o'in nan shida bai dawo ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin tsoro. Faifan biyu a akwati ɗaya suke, wuta ɗaya suke sha, saboda haka in aka kawo wuta da ƙarfi, ko gobara ta tashi, ko ɓarawo ya sungumi akwatin, tare za su tafi. Sa'an nan akwai kuskuren mai gyara, wanda zai sa sabon faifai ya juya umurnin, sai a kwafi fanko a ɗora a kan mai kaya. Wannan shi ya fi ba ni takaici, don kuwa a wajen neman gyara ake yin sa.

Shin in an share fayil ya tafi ke nan? Ba lalle ba ne. A faifai mai juyawa, sharewa kamar tsage suna ne daga littafin rajista: kayan na nan a ɗaki har ranar da aka zuba wasu a gurbinsu. Don haka abu na farko shi ne a kashe kwamfutar, kada a ƙara ajiye ko wasiƙa ɗaya. A cire faifai ɗaya, a haɗa shi da wata kwamfuta, a bincika da manhaja irin su Recuva ko PhotoRec, abin da aka samo kuma a zuba shi a wani faifai dabam. Sababbin faifan nan na SSD kuwa sukan goge gurbin da kansu ba da daɗewa ba, sai a rage sa rai. Faifan da ke ƙara ƙwas-ƙwas kuma, kada a sake kunna shi, kada a bar mai gyaran waya ya buɗe shi.

A ganina, mai shago ko ofis da ke da kuɗin faifai biyu kacal, gara ya bar ɗaya a kwamfuta, ɗayan ya riƙa kwafa masa aiki kowace yamma, ya cire shi ya tafi da shi gida, ya kuma riƙa buɗe shi lokaci lokaci don ya tabbata yana karantuwa.

Mai shagon nan dai ya yi sa'a rabi da rabi. Yaron ya ci gaba da aiki a kwamfutar har yini guda kafin ya faɗi gaskiya. An samo aikin ɗalibai biyu. Ta ukun, wata ɗaliba, an samo mata babi ɗaya kawai, na bar ta tana tattara takardun da ta rubuta da hannu.