Wa Zai Ɗauki Asara In Kaya Sun Salwanta?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi tsakanin Rano da Kibiya ya tambaye mu cewa, tun da Allah ya buɗa masa, shin ya ɗauki yara a gidansa, ko ya riƙa kai aiki wurin marina da maɗinka, ko kuwa ya danƙa wa ɗan kwangila? Tambayar ta dace da wurinta, domin Rano da Kano su ne ake kira Sarakunan Baba a cikin Hausa Bakwai.

To, ya ɗan'uwa, ka sani kowane ɗaya yana da nasa hukunci a mazhabar Maliku.

Yaron da ka ɗauka da wata, lokacinsa ka saya. Amintacce ne a Shari'a. In kaya sun ɓaci a hannunsa ba da sakaci ba, asararka ce. Ladansa kuma yana wuyanka, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba.

Marini ko maɗinki da ya kafa kansa don jama'a, shi aikinsa ka saya. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya bayyana a Risala cewa masu sana'a suna lamuncen abin da suka tafi da shi. In zane ya salwanta a marina, marini zai biya, sai fa in shaidu sun tabbatar ba da laifinsa ba ne. Amma ba kai kaɗai yake wa aiki ba. Da Salla ta gabato sai ka bi layi.

Ɗan kwangila kuwa, cika aikin yana wuyansa, da hannunsa ko da na wasu, kuma shi zai biya mutanensa.

Shawararmu ita ce: aikin kullum da tsaron kuɗi, a ba yaron gida; aikin gwaninta, a ba mai sana'a; babban aiki na ɗan lokaci, a ba ɗan kwangila.

Amma a kiyayi al'adar riƙe yaro shekara da shekaru ba a yanke masa lada ba, da alkawarin wata rana za a sallame shi da jari. Ijara ba ta inganta sai da sanannen lada. Maigida ya rasu, magada su musanta, gumin yaro ya tafi a banza, alhaki kuma ya bi mamaci kabari. A yanke lada, a rubuta, a kafa shaidu.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu.