Baƙon da ke Tafiya Cikin Ambulan

Jama'a, zancenmu na wannan mako a kan wani baƙo ne wanda ba ya biyan kuɗin mota, kan sarki kaɗai ake manna masa.

A shekarar 1995 wani malamin firamare a lardin Ontario na ƙasar Kanada, Dale Hubert, ya sa almajiransa suka zana mutum-mutumin takarda mai suna Flat Stanley, yaron nan na cikin littafin Jeff Brown na 1964, suka riƙa aika shi wasu makarantu ta gidan waya. Wanda ya karɓe shi sai ya zaga gari da shi, ya rubuta abin da baƙon ya gani, kana ya mayar. Yau har manya waɗanda intanet kaɗai ya haɗa su sukan yi haka da 'yar tsana, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Mai niyyar shirya wannan, lalle ya jera sunaye bi da bi, ya yanka wa kowa kwanakin riƙo, ya haɗa da ɗan littafin da kowane mai masauki zai sa hannu, a kuma aika ta rajista.

Amma fa ginshiƙin al'amarin amana ce, tamkar adashi. Mutum guda ya jefa baƙon cikin akwati ya manta, to ya cuci dukan na bayansa, har yaron da ke leƙa gidan waya kullum. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. In ya cika kwanakinsa, a sallame shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.