Gyaran Birkin Baya: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko na Audu Baƙo a unguwar Nassarawa GRA ta Kano da sanyin safiya, zai ga motoci maƙare da 'yan makaranta. In ya kasa kunne, zai ji wasu na ƙara kamar ana wasa wuƙa duk sa'ad da direba ya taka birki. Mai irin wannan mota kan nemi shawara a kan abu guda: ina za a gyara masa da araha? A ganina, kafin a tambayi kuɗi, kamata ya yi a fahimci aikin birkin.

A ƙananan motoci da yawa, ƙafar baya tana ɗauke da wani ƙarfe mai siffar kwano wanda makanikai ke kira durom. A cikinsa akwai shu guda biyu. Idan aka taka birki, man birki ne ke ɗaukar ƙarfin ƙafar direba ya tura shu su dafe jikin durom, bisa ƙa'idar da Bafaranshen nan Blaise Pascal (1623–1662) ya bayyana. Gogayyar da ke faruwa ita ke mayar da ƙarfin gudu ya koma zafi. Ɗalibin kimiyya ya san cewa in aka ninka gudu daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka sau huɗu.

To, ina arahar take? Tana ga saurin kai mota gareji. Shu ba shi da tsadar durom, amma in aka bari ya cinye har ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, dole a sayi duka biyun. Haka kuma a canza na dama da na hagu tare, domin in ɗaya ya fi ɗaya kamawa, mota na iya fizgewa gefe. Wanda zai sayo kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohon shu don a gwada, ya kuma guji jabu.

Babbar kasada ita ce ta masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, alhali sabon man birki mai lamba DOT 3 yana jure digiri 205. Da ruwan ya tafasa sai ya zama tururi, a taka birki a ji wayam.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, amma jami'anta ba za su leƙa kowane durom ba. Saboda haka ina kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai gareji su ga darasin gogayya da idanunsu. Yaron da ya gane wannan shi zai ce wa mahaifinsa, "Baba, ƙarar nan ta shu ce, a duba ta yau." Allah ya kiyashe mu, amin.